Ina ake samun zaman masu son daina shan giya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni magidanci ne a Kaduna. Na daɗe ina shan giya a ɓoye, matata ce kawai ta fara zargi. Na sha yin rantsuwa cewa na daina, kwana biyu sai in koma ruwa. Yanzu idan na wayi gari ban sha ba hannuna karkarwa yake yi. Na ji an ce akwai zaman da mashaya suke yi don taimakon juna. Ina ake samunsa, kuma ba za a tona mini asiri ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo sauƙi. Kafin maganar zama, karkarwar nan ta fi damuna. Alama ce jikinka ya saba da giya sosai. Wanda ya kai nan, idan ya yanke sha lokaci guda, zai iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko, wasu kuma wajen kwana na uku su rikice, su riƙa gane-gane, har a rasa rai. Don haka kada ka kulle kanka a ɗaki ka ce za ka daina da ƙarfin zuciya. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa, likita zai ba ka maganin da zai sauke jikin a hankali, da bitamin B1 da yawanci ke ƙarewa a jikin mashayi. Na san mutane na ce masa asibitin mahaukata. Da yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, a duba su, su koma bakin aiki.

Zaman da ka ji labari, wanda ya fi shahara shi ne na ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ana taƙaita ta da AA. An fara ta a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likitan fiɗa Bob Smith, suka lura cewa hira da wanda ya san ciwon tana hana su komawa kwalba. Sharaɗin shiga ɗaya ne, a ce kana son dainawa. Ba kuɗin rajista, ba cike takarda, sunanka na farko ya isa.

Hanya mafi kusa ita ce ka tambayi likitan ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin ko suna haɗa irin wannan zama, ko sun san inda ake yi. Idan a intanet ka samo adireshi, ka kira kafin ka tafi, domin jadawalin yakan tsufa. Akwai kuma zaman da ake yi ta Zoom dare da rana, kana iya rufe kyamara ka saurara kawai, sai dai yawanci da Turanci ne. Zama iri biyu ne: rufaffe na masu matsalar kaɗai, da buɗaɗɗe wanda matarka za ta iya raka ka. Ita ma akwai ƙungiyar iyalan mashaya, Al-Anon, tun 1951.

Zaman bai cika wuce awa ɗaya ba. Kowa ya faɗi abin da ke damunsa, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Idan an zo kanka ka ce yau saurare ka zo, an wuce wurin. Daga baya za ka zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama jagoranka, wanda za ka buga wa waya lokacin da sha'awar ta taso, tun kafin ka isa mashaya.

Game da asiri kuwa, gaskiya al'ada ce ta ƙungiyar, ba doka ce ta kotu ba. Amma duk wanda ka tarar a ɗakin abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. Idan hankalinka bai kwanta ba, nemi zama nesa da unguwarku.

Wasu kan tsaya saboda addini, ganin ana yawan aron ɗakin coci. Matakai 12 da AA ke bi wajen daina sha suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji yadda kowa ya fahimce shi, ba a neman ka canza aƙida. Musulmi a birnin Baltimore na Amurka sun kafa tasu, Millati Islami, a 1989, akwai kuma SMART Recovery da ba ruwanta da addini. Babban nazarin da Cochrane, ƙungiyar masana masu tantance binciken lafiya, ta fitar a 2020, wanda ya haɗa bincike 27 da mutum sama da 10,000, ya nuna tsarin AA bai gaza sauran hanyoyin jinya ba, a wajen dainawa gaba ɗaya ma yakan fi su.

Idan zaman farko bai yi maka ba, gwada wani, domin kowane da irin mutanensa. Amma ka guji duk inda aka nemi kuɗi mai yawa, ko aka ce ka ajiye maganin likita, ko gidan mari. Ba ka manta ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa. Shawarata kuma ka gaya wa matarka kafin ranar asibiti, domin a kwanakin farko kana buƙatar wanda zai sa maka ido cikin dare.