Almajirantarwa, hidima da zurfin ruwa

Tambaya: Malam, ina cikin Zumuntar Mata a wata majami'ar ECWA da ke Sabon Gari, Kano. An ba ni 'yan mata biyar in riƙa almajirantar da su. 'Yata ta kwashe da dariya, wai sai na saya musu kwanon bara. Kalmar ta dace kuwa? Sannan mene ne bambancin hidima da bauta?

Amsa: Baiwar Allah, ki faɗa wa 'yar taki kwano daga baya ya zo. Almajiri aro ne daga Larabci, al-muhajir, wato wanda ya bar gida ya yi ƙaura. Bahaushe ya ɗora shi a kan mai barin garinsu don neman ilimi wurin malami. Bara hanyar ciyar da shi ce kawai, amma da yake ita muke gani kullum a ƙofar gida, sai ta danne asalin ma'anar.

Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ba su yi kuskure ba da suka ce "almajiran Yesu". Bitrus da Andarawas sun bar tarunsu a bakin Tekun Galili sun bi shi; ƙaurar ke nan. Da an ce ɗalibi, da an rage wani abu: ɗalibi idan an kaɗa ƙararrawa gida zai koma, almajiri kuwa yana ganin yadda malaminsa yake cin tuwo, da yadda yake fushi. Almajirantarwa ƙira ce irin ta ilimantarwa, ba ta da aibi, sai dai tsawo.

Hidima ma Larabci ce, daga nan muka samu hadimi. Bauta ta fito daga bawa, kuma a harshen addini Allah kaɗai ake yi wa. Hidima ta mutane ce. Matar da ta riga kowa zuwa ranar Lahadi ta share, ta jera bencina, ta tafi ba wanda ya san ita ta yi, hidima ta yi. Dikon ma, muƙamin nan na majami'a, a Girkanci ma'anarsa mai hidima, ko da yake wasu sun ɗauke shi sarauta. A Kano kuma idan mutum ya ce "hidima ta yi mini yawa", aljihunsa yake nufi. Ni ina son wannan ma'anar, domin ta nuna abin yana cin mai yinsa.

Za ki ji ana ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma maganar mai tanƙwarawa ce. Wadda ta fi dacewa da aikinki ita ce: da na gaba ake gane zurfin ruwa. Masu ƙetare rafi ba sa tambayar na gaba, rigarsa suke kallo, su ga inda ruwa ya kai masa. Su biyar ɗin nan haka za su yi miki.