Muryar Malam Sani mai gyaran wuta: AC ce ko mita?

Salamu alaikum jama'ar guruf. Hajiya, na ji saƙonki, ina kan tsani ne a Mamobi lokacin. Kin ce tun da kuka sa AC kiredit ɗin ECG, kamfanin wutar Ghana, ba ya kai mako biyu, ko mitar ce ke sata. Hajiya, mita ba ta yi sata ba. Ɓarawon yana manne a bangon ɗakinki, ke kika saye shi da kuɗinki.

Ki je jikin na'urar, a gefe akwai takarda, ki nemi lambar da ke da W a bayanta. Kar ki kula da hos ɗin da mai shago ya faɗa miki, wannan girman sanyi ne. Mai hos 1.5 tana jan wajen wat 1,100. Yunit ɗaya a mita kuwa wat 1,000 ne na awa guda. To ki kunna ta goma na dare zuwa shida na safe, awa 8, kusan yunit 9 ke nan, a wata 270.

A'a, tsaya, na zarce. Wannan in kwamfuresa, wato injin da ke yin sanyin, ba ta huta ba ke nan. In ɗakin a rufe yake tana yankewa ta dawo, sai ki ce yunit 6 a dare, 180 a wata. Amma a zafin Maris ɗin nan na Ankara, ga remot kun danna 16? Ina hutu! Kuma 16 ba ta sa ɗaki saurin sanyi, wallahi na gaji da faɗin wannan. Ki bar ta a 24 ko 25, ki haɗa da fanka. Fankar sama wat 70 ce, AC ɗaya fanka 15 ce ke juyawa a kanki. Sannan in gida ya wuce yunit 300 a wata, farashin na saman ya fi tsada, ga firji ga dutsen guga, ai tuni kun haura.

Ni wannan lissafin da ciwo na koye shi. Gidan hayarmu na da a Nima, mita ɗaya ɗaki tara, mai gida yana raba kuɗi da foyin: kwan fitila ɗaya, fanka ɗaya, talabijin biyu. Wani bawan Allah ya ɗauko tsohuwar AC ta taga, irin na gwanjo da gwamnati ma ta hana shigo da su, aka rubuta masa foyin uku. Uku! Abin da in ya tashi sai kwan ɗakina ya yi ja kamar aci-balbal, ruwa yana ɗiga a kan takalman mutane. Na ce a lissafa, aka ce ina hassada. Ni da fanka ɗaya da rediyo, shekara biyu ina biya wa ƙato sanyi. Lokacin dumsor ne, da ake ta ɗauke wuta, kawai muka yi daidai, kowa ya fito da tabarma tsakar gida, har shi. Har yau in mun haɗu a masallaci... kai, bar shi kawai.

Ina nake? Yauwa. Ba sai kin yarda da ni ba. Yau da dare ki rubuta yunit ɗin da mita ta nuna kafin ki kunna, da asuba ki sake dubawa. Gobe ki kwana da fanka kaɗai, ki yi haka. Bambancin shi ne cin AC ɗinki. In ya wuce 9, ki ciro ragar nan ta gaba ki wanke, ƙurar hunturu tana nan cunkushe, na tabbata ba a taɓa buɗe ta ba. Kuma ki turo min hoton takardar taurarin nan mai ruwan ɗorawa da ke nuna yadda AC ke tsimin wuta, in ga ko taurari nawa ne, don ina zargin ba inbata ba ce, irin mai rage cin wuta, aka sayar miki.