Kafin Ka Karɓi Aikin Wata Uku Ba Albashi

Ka ce ka aika takardun neman aiki sun fi sittin, wuri uku kaɗai suka amsa, su ma da "mun gode". Ka ce A+ ɗinka, satifiket ɗin farko na masu gyara da kula da kwamfuta, na hannu, kana tunanin ko ka ƙaro wani satifiket. Sannan can ƙasan saƙon ka liƙa cewa wani mai kamfani ya ce ka zo ka riƙe masa kwamfutocin ofis na wata uku ba albashi, in ya ga hannunka ya ɗauke ka. Wannan layin ne ya sa na ajiye abin da nake yi na zauna rubuta maka. Da maganar CV ce kawai, wallahi ba zan amsa ba. Yaron da ya shekara biyu a gabana, in har bai iya jera abin da ya iya a shafi ɗaya ba, ba ni da abin ce masa.

Kasuwa ta yi tsauri, ba ƙarya ka yi ba. Tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023, Meta, mai Facebook, ta sallami mutum 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Ba dukansu ne masu irin aikinmu ba, amma in ruwa ya ɓalle daga tudu, na kwari yake ci. Wanda ya shekara biyar yana aiki ya dawo yana neman kujerar da a da ta ɗan koyo ce. Shi ya sa za ka ga talla an rubuta matakin farko, a ƙasa kuma ana neman gogewar shekara biyu. Masu wayo sun gane ƙishirwarku, sun san yaro zai yi komai don a ce ya taɓa aiki a wani wuri. Zauna ka ji yadda aka yi da ni, ni da ba yaro ba.

A farkon 2017 kamfanin da nake yi wa aiki ya rufe. Ina da iyali, ina da shekara goma sha ɗaya a sana'a, kuma duk wanda ya san ni ya san kwamfuta ba ta kwana a hannuna ban gano ciwonta ba. Aka haɗa ni da wani mai kamfanin rarraba kaya: kwamfuta ashirin da shida, saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kowa, firinta uku. Ya tarbe ni da fara'a, Injiniya sama Injiniya ƙasa. Ya ce in yi wata uku mu ga juna, in sun cika zai haɗa min kuɗin watannin gaba ɗaya, ya kuma ba ni shugabancin sashe. Na ce to a rubuta. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Injiniya, tsakanina da kai har sai da takarda?" Na ji nauyinsa, na yi shiru. Wannan jin nauyin ne ya ci ni.

A satin farko na ga abin da ya hana ni barci. Kwamfutocin duk Windows 7 ne, an kashe musu sabuntawa tun da daɗewa, wai kada tsohuwar manhajar lissafinsu ta ƙi tashi. Wanda ya riga ni ya buɗe ƙofa mai lamba 445, wadda Windows ke musayar fayil ta cikinta, daga sabar zuwa intanet kai tsaye, don mai kamfani ya riƙa buɗe fayil daga gidansa. Kwafin ajiya kuwa faifai ɗaya ne tak, a maƙale a bayan sabar dare da rana, ƙura ta rufe shi. Ka san ƙa'idar, na sha faɗa maka: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Faifan da ke jone da saba kullum, duk abin da ya ci sabar zai ci shi.

Na same shi a ofis na gaya masa. A watan Maris Microsoft ta fitar da faci, wato gyaran manhaja, da ke toshe wani rami da ke bayan ainihin wannan ƙofar, na sake komawa. Na ce a ba ni daren Asabar ɗaya in sabunta su, a rufe ƙofar nan, a sayo faifai na biyu. Yana danna wayarsa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Abin da ke aiki a bar shi. Ku masu kwamfuta kullum sai kun ƙirƙiro hanyar kashe kuɗi." Na koma karo na uku, amsar ba ta canza ba. Duk da baki muka yi. Ko imel mai layi biyu ban tura masa ba.

Ranar Juma'a, 12 ga Mayu, da yamma, akantar kamfanin ta kira ni muryarta na rawa, ta ce wani jan abu ya rufe mata allo. Na zo na tarar da shi: akwati ja, agogo na ƙirga lokaci a gefe, ana neman dala 300 ta Bitcoin, kowane fayil an kulle shi, an liƙa wa sunansa wutsiyar WNCRY. WannaCry ce, muguwar manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, wadda a wannan ranar ta sa asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Na bi ofis da gudu ina fizge wayoyin netwok da hannuna. Kafin in gama ta cinye goma sha tara, har da sabar. Na zura hannu bayan sabar na ciro faifan nan, da ɗuminsa, na jona a wata kwamfutar da na ware ita kaɗai. Ina buɗewa na ga wutsiyar nan a jere, tun daga sama har ƙasa. Lissafin shekara shida.

Kwana tara ban kwana a gida ba. A ɗakin sabar nake shimfiɗa kwali. Na goge kowace kwamfuta na sake ɗora mata Windows, na bi imel ɗin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ina tsinto rasit da takardun oda. Allah ya taimake ni da laftof ɗin wani manaja da ya yi tafiya da ita a kashe, da kuma filashin akanta mai kwafin watan Maris. Da waɗannan na dawo musu da kaso mafi tsoka na abin da ya salwanta. Mutum nawa ne a lokacin za su iya wannan su kaɗai? Ina faɗa ne don ka san ba rashin iyawa ya kayar da ni ba.

Rana ta goma ya tara abokan kasuwancinsa, ya sa aka kira ni. Ya dube ni cikin ido ya ce, "Mun ɗauko mutum don ya tsare mana kaya, ko sau ɗaya bai taɓa ce mana akwai matsala ba." Na ce sau uku na same ka. Ya ce, "Ina shaida?" Ɗakin ya yi tsit. Wata uku da kwana tara, ko sisi ban gani ba, maigadi ne ya karɓi makullin ɗakin sabar a hannuna. Ba ma kuɗin ne ya fi min ciwo ba. Bayan wata biyu na tsallake intabiyu biyu a wani babban wuri, saura a ba ni takarda, suka tambayi inda na yi aiki na ƙarshe, suka kira shi. Ban sake jin ɗuriyarsu ba. Daga baya wani na ciki ya gaya min kalma ɗaya mutumin ya faɗa a kaina: sakaci. Shekara ɗaya da rabi na yi ina 'yan gyare-gyare kafin in sake tsayuwa da ƙafata. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma har yau in na tuna hannun nan a kafaɗata sai raina ya ɓaci.

To ga amsarka, ɗana. Ban ce kada ka je ba, don gogewa ba a kan gado ake samunta ba. Amma ba za ka taɓa ko linzamin kwamfuta ɗaya ba sai an rubuta ranar farawa da ranar gamawa, abin da ke wuyanka da wanda ba ya wuyanka, abin da za a ba ka ko da na zirga-zirga ne, da alkawarin takardar shaida mai sa hannu ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. In ya dafa kafaɗarka ya ce ba sai da takarda ba, ɗauki jakarka. In kuwa ya sa hannu, satin farko ka zagaya ka rubuta duk abin da ka tarar ya ruɓe, ka tura masa ta imel, ka ajiye kwafi a wurinka. Duk abin da ka ba da shawara aka ƙi, rubuta. Wurin da ya san abin da yake yi yana da manhajar tikiti, kowane ƙorafi da lambarsa da lokacinsa. In babu, littafi da biro sun isa. Wannan littafin ne kuma za ka buɗe a intabiyu na gaba, a ga matsala kaza, dalili kaza, an warware cikin minti kaza.

Maganar ƙarin satifiket, bari. Jarrabawa biyun da ka ci na A+ sun isa buɗe ƙofa. Network+ ko CCNA, satifiket ɗin harkar netwok, sai ka fara aiki, lokacin da za ka gane abin da kake karantawa. Kuna tara takardu kamar masu ado da su, amma in na nuna wa yaro adireshin da ya fara da 169.254 sai ya tsaya yana kallona, bai san kwamfutar ce ta nemi adireshi wurin DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi a netwok, ba ta samu ba, ta ba wa kanta. Ɗora VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna wata kwamfuta a cikin taka, a tsohuwar kwamfutarka, ka sauke Windows Server na gwaji, kwana 180 suke bayarwa kyauta. Kafa Active Directory, rajistar ma'aikata da kwamfutocin ofis, ƙirƙiri ma'aikata ashirin na ƙarya, kulle wasu, buɗe su, canza musu kalmar sirri, lalata DNS, mai fassara suna zuwa adireshi, da gangan ka ga yadda komai ke zubewa, sannan ka gyara. Rabin kiran da za a yi maka a aiki bai wuce waɗannan ba, sai firinta da Microsoft 365.

Kuma ka daina jefa takarda a wurin da mutum dubu suka jefa. Nemi kamfanonin da ke kula da kwamfutocin wasu kamfanoni a kan kwangila. Aikinsu da wahala, waya ba ta hutawa, shi ya sa kullum suna neman hannu, kuma abin da za ka gani a shekara ɗaya a can wani sai ya shekara uku bai gani ba. Makarantu, asibitoci, aikin dare, kwangilar wata shida, duk ƙofofi ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta hawa kan na'urar da ba ta da TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, ka ga akwai kwamfutocin da sai an sauya, an kwashe bayanansu, an zauna da masu su an nuna musu. Wannan aikin ƙafa ne da hannu, irin wanda 'yan zamaninku ke raina wa.

Abin da ke ba ni haushi da ku ke nan. Kowa so yake ya zama ƙwararren tsaron intanet cikin wata shida, yana kwance a ɗaki, ba ya son ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya bi waya. Sai kuma kukan wai ƙirƙirarriyar basira ta ƙwace aikin. Ta ɗauke ƙananan tambayoyi, ban musa ba. Amma ranar 19 ga Yuli 2024, da sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta kayar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, wa aka nema? Mutanen da za su tsaya gaban kowace na'ura, su shigar da makullin BitLocker mai lamba 48 da ke buɗe faifan da aka kulle, su goge fayil ɗaya, su wuce ta gaba, ga mai ita a tsaye a kansu yana masifa. Wanda zai iya wannan ba tare da ya ɗaga murya ba, ya kuma rubuta abin da ya yi, ba ya rasa wurin zama.

Gobe ka koma wurin mutumin ka nemi takardar. In ya ba ka, kada ka sa hannu a can, kawo min in karanta tukuna. Ka taho da laftof ɗinka, ina so in ga ma'aikata ashirin ɗin nan da idona.