Ƙarni daban, zarni daban

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Anti. Na daɗe ina bibiyar wannan fili naki, amma ban taɓa zaton a kan kifi zan rubuto miki ba. Mako biyu da suka wuce matata ta gama jarrabawarta ta ƙarshe, na yi mata alkawarin za mu fita cin abinci. Ta jima tana sha'awar wani gidan abinci da ba sa sayar da komai sai kifi da sauran kayan teku, saboda hotunansu da take gani a Instagram. Tun farkon wata na ware kuɗin, muka je ranar Asabar da daddare.

Mun yi wajen minti 20 a zaune ba wanda ya ce mana ci kanku. Da yaron da ke kawo abinci ya ga dama ya zo, yana ɗaukar odarmu yana latsa waya. Ita ta ce gasasshen tuna, ni na ce farin kifi guda da jatan lande. Sai da muka ƙara minti 50, waɗanda suka shigo bayanmu har sun ci sun tashi. Abincin ya zo a huce. Jatan landen kamar kana tauna silifa. Kifina kuwa ina buɗe cikinsa wani wari ya bugi hancina, irin na banɗakin da ba a wankewa, duk da an jibga masa lemun tsami da barkono. Na kira yaron na faɗa masa a hankali, sai ya ce wai haka kifin teku yake, waɗanda ba su saba ci ba ne ke cewa haka. A gaban matata fa, Anti! Kunya ta rufe ni, na daure na ci kusan rabi don kada in ɓata mata dare. Ita kuma ta ce nata yana ɗan cizon harshe, amma ta cinye.

Da aka kawo bil na nemi manaja. Ya kalli farantin ya ce tunda na ci sai in biya. Na biya. Kafin mu isa gida fuskarta ta ɗauki zafi, wuyanta yana ƙaiƙayi, kanta yana sarawa, ba ta warware ba sai da safe. Ni ba abin da ya same ni sai ɓacin rai.

Shin da gaske haka kifin teku yake, ni ne baƙauye? Sannan ina so in saka sunansu da hoton farantin a Facebook, ita kuma ta ce in bar su da Allah. Me kike gani?

Daga wani magidanci

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa, ya ƙara lafiya.

Hancinka ya fi yaron nan gaskiya. Shekara 11 na yi a kicin ɗin wani otal, a yawancinsu kuma ni ce mai karɓar kifi idan an kawo shi da asuba, don haka wannan magana ta “haka kifin teku yake” na sha jin ta, har daga bakin yaran da ke aiki a ƙarƙashina. Kifin da bai daɗe da fitowa daga ruwa ba kusan ba shi da wari, ɗan ƙarni ne kawai mai sauƙi. Abin da ka kwatanta da banɗaki kuwa sunansa zarni, kuma kifi ba ya zarni sai ya kama hanyar lalacewa. Kifayen ruwan gishiri suna da wani sinadari a jikinsu da ke taimaka musu zama cikin gishirin, shi kansa ba ya wari. Da zarar kifin ya mutu, ƙwayoyin bakteriya sai su soma juya shi zuwa wani sinadarin da ake kira tirimetilamin, wanda shi ne ƙarnin nan mai hawa kai. In aka ƙara kwanaki, amoniya ta biyo baya, zarni ya tashi. Ashe ke nan yaron ya faɗi rabin gaskiya: haka kifin teku yake, idan ya kwana biyu ba a kan ƙanƙara ba.

Lemun tsamin da ka ga an jibga ma yana da nasa aikin. Tsaminsa yana ɗaure wannan sinadari ya hana shi tashi zuwa hanci. Yanki ɗaya a gefen faranti ɗanɗano ne da ado. Amma ka ga kifi yana iyo cikin lemun tsami, an kuma bi shi da barkono har ba a ganin fatarsa, ni dai sai in fara tunanin me ake rufewa.

Kifi ba ya jira kamar yadda nama ke jira. A ruwan sanyi ya rayu, bakteriyar da ke jikinsa ma ta saba da sanyi, saboda haka firjin da zai riƙe maka nama kwana uku lafiya lau ba lallai ya riƙe kifi ba. Mu binne shi muke yi cikin dakakkiyar ƙanƙara, a mazubi mai huji don ruwan ya riƙa tsiyayewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce firji kada ya wuce digiri 4 a ma'aunin Salshiyos, kifi kada ya haura awa biyu a waje, in kuwa zafi ya wuce digiri 32 to awa ɗaya ne, sannan a dafa shi har cikinsa ya kai digiri 63. Duk kicin ɗin da ya san aikinsa ya haddace waɗannan. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa kifin firiza shi ne matsala. Wanda aka daskarar tun a jirgin ruwa, aka ajiye a digiri 18 ƙasa da sifili, sau da yawa ya fi “sabon” da ya yi mako guda a hanya. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka fito da shi ya narke, ba a sayar ba, aka mayar, gobe aka sake fitowa da shi.

Jatan landen naka dai bai lalace ba, kashe shi aka yi da wuta. Minti biyu zuwa huɗu ya ishe shi. Idan ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ya nuna. Idan ya naɗe kamar zobe, an wuce gona da iri, sai tauna roba. In ka haɗa wannan da jiran minti 50 da abincin da ya zo a huce, labari ɗaya suke bayarwa. Ko dai an manta da takardar odarku, ko an dafa wani abu da wuri an ajiye yana jiran ɗan'uwansa, aka sake ɗumama shi. Daren Asabar ya saba yi wa ƙaramin kicin haka.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato matarka. Cizon harshe, sannan zafin fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai jim kaɗan bayan cin tuna, wannan ya yi kama da gubar wani sinadari da ake kira histamin. Kifaye irin su tuna da makarel da sadin, idan suka zauna cikin zafi bayan an kama su, bakteriya tana tara histamin a tsokarsu. Mugun halinsa shi ne wuta ba ta kashe shi, firiza ma ba ta kashe shi, kuma kifin yana iya zuwa fes ba wari ko kaɗan. Alamun sukan bayyana daga 'yan mintoci zuwa awa biyu, yawanci su wuce cikin yini ɗaya ko biyu. Ka ga naka da ya yi zarni ya yi maka gargaɗi, nata ne ya zo shiru. Duk da haka ta je ta ga likita ta ba shi labarin yadda aka yi, musamman idan ta ɗanɗani jatan landenka, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar sa sam, alamun kuma suna kama da juna, shi kuma rashin karɓar jatan landen yana iya tsananta a karo na gaba. Duk ranar da wani ya ci kayan teku leɓensa ko harshensa ya kumbura, ko numfashi ya soma yi masa wuya, asibiti za a nufa nan take, ba jiran safiya ba.

Yanzu ga maganar tarba. Ba kicin ɗin da ba ya kuskure. Ni kaina na taɓa barin wani kifi ya fita da bai kamata ya fita ba, har yau in na tuna sai in ji nauyi. Abin da ake yi sananne ne: a ɗauke farantin, a ba da haƙuri, a kai wa kuku ya sansana, in ya tabbata a janye duk sauran da aka kawo tare da shi. Minti ɗaya ne aikin. Yaron nan borin kunya ya yi maka, wataƙila ma tsoro ne, domin akwai wuraren da ake cire kuɗin farantin da aka mayar daga albashin ma'aikaci, sai ya gwammace ya mayar da kai baƙauye da ya shiga kicin da shi. Wannan bai wanke shi ba. Amma manajan ya fi shi laifi nesa ba kusa ba. Mutum ya ce maka kifinka yana zarni, kai kuma abin da ka duba shi ne nawa ya ci, ba ka ko kai farantin hanci ba? Wanda ke sayar da abin da ke iya kwantar da mutum a asibiti, ƙorafi irin naka kyauta aka kawo masa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, su kuwa duk ƙoƙarinsu ya ƙare a hoton Instagram.

Kai ma ba zan ƙyale ka ba, ƙanena. Me ya kai ka cin rabi? Kunyar mara kunya asara ce. Da hannunka ka ba manajan hujjar da ya buge ka da ita, ka kuma sa cikinka a haɗari saboda maganar yaro. Ƙorafin abinci a lomar farko ake yin sa. Ka ajiye cokali, ka ture farantin, kada ka tsaya musu da mai kawo abinci, tunda ba shi ya dafa ba kuma ba shi da ikon yafe kuɗi. Ka ce, “Don Allah a kai wa kuku ya sansana, a kira mini manaja.” In ya zo ka faɗi abin da kake so ƙarara, ko a canza maka da wani abu dabam, ko a cire shi daga bil. Ba sai ka ɗaga murya ba. Farantin da ba a taɓa ba ya fi kowace irin murya ƙarfi. Kuma a gidan da ke gasa kifi guda, ba laifi ba ne ka ce a nuna maka shi ɗanye kafin a ɗora: ido garau ba hazo, cikin kunnensa jawur, in ka danna tsokar da yatsa ta dawo. Wurin da ya ji haushin wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa.

Batun Facebook, ban hana ka ba, amma ba da shi za ka fara ba. Ka rubuta wa masu wurin tukuna, da kwanan wata da lokaci, da abin da kuka ci, da hoton rasit in yana nan, da abin da yaron da manajan suka ce, kalma da kalma. Ka sa maganar matarka a sama, domin in tunan ne, ba ita kaɗai ta ci daga wannan kifin ba. Sau da yawa mai wurin bai ma san abin da manajansa ke yi da dare ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka ba su 'yan kwanaki. In suka yi shiru ko suka maimaita rainin, ka kai maganar ga jami'an duba tsaftar abinci, sannan ka rubuta abin da ka gani da idonka ka ji da hancinka, iyakarsa ke nan. Kada ka ce sun ba matarka guba alhali ba likitan da ya tabbatar, kada ka sa sunan yaron ko hotonsa, shi ne mafi rauni a cikinsu kuma shi za a fara kora. Hoton farantin ma kada ka dogara da shi, hoto ba ya ɗaukar wari, mutane za su ga gasasshen kifi ne kawai su ce me ya same shi.

Ita kuma da ta ce ka bar su da Allah, ba na tsammanin tausayinsu take ji. Daren murnar gama karatunta ne, ba ta so ya zama daren da za a riƙa tunawa da shi da faɗan kifi a intanet. Ka sake fitar da ita, wani wurin dabam, a tsakiyar mako lokacin da kicin ba ya cikin rububi. In kun zauna ka tambaye ta dalilin da ya sa ta cinye tunan nan yana cizon harshenta. Ina kyautata zaton ita ma don kada ta ɓata maka dare ne.