Mahaifina ya rasu yana bakin aiki: dole ne gwamnati ta ba ni gurbinsa?

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu wata biyar da suka wuce yana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Ni ne babba, ina da digiri, ƙanne shida ne a bayana. A wurin zaman makoki abokan aikinsa suka ce kada in damu, za a ba ni gurbinsa. Kawuna da ya yi karatu a Indiya ma ya ce doka ce. Har yau shiru. Shin haƙƙina ne?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗana, ba zan ɓoye maka ba: a aikin gwamnatin tarayyar Nijeriya kujera ba ta shiga rabon gado. Ɗaukar ma'aikata na hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, kuma sai an bi ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi. Idan ka ji gwamna ko shugaban wata hukuma ya ce an ba ɗan mamaci aiki kai tsaye, alfarma ce ya yi, ba wajibi ya sauke ba. Maganar zaman makoki kuwa ta sanyaya zuciya ce. Galibin masu faɗinta ba su da ikon ɗaukar ko masinja.

Kawunka bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai maka zancen ƙarshe ba. Indiya tana da tsarin ɗaukar aiki na tausayi: idan ma'aikaci ya mutu a bakin aiki, ana iya ɗaukar matarsa ko ɗansa ko 'yarsa. Amma a gwamnatin tsakiya ba a wuce kashi 5 cikin 100 na guraben da za a cike kai tsaye, kuma a ƙananan matakai ne kawai. Sai an bincika an ga iyalin sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Wanda aka ɗauka zai sa hannu cewa zai riƙe sauran 'yan gidan, in ya yi watsi da su ana iya sallamarsa, kuma wannan sharaɗin ya fi komai burge ni. Tun 1994, a shari'ar Umesh Kumar Nagpal da jihar Haryana, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce manufar tsarin ita ce tsamo iyali daga ƙuncin da ya faɗo musu kwatsam, don haka ba a zuwa bayan shekaru a ce ana bin bashinsa. A Pakistan kuma, Kotun Ƙoli ta soke irin wannan kaso a 2024, ta ce wariya ce ga sauran masu neman aiki.

To, bari mu zo kan abin da yake naku halak malak, wanda na sha ganin iyalai sun bar shi yana ruɓewa suna zaryar neman gurbi. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai, wadda ba za ta gaza ninki uku na jimlar albashi da alawus ɗinsa na shekara ba. Misali, in yana ɗaukar naira miliyan 2 a shekara, ana maganar aƙalla miliyan 6 ke nan. Ga kuma kuɗin da ya tara a asusunsa na fansho, wanda kamfanin fanshonsa zai biya magada bayan PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ta amince. Idan ta dalilin aikin ya rasu, kamar haɗarin mota a hanyar aiken ofis, akwai diyya daban ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar asusun inshorar ma'aikata, ke kula da ita. Da ma'aikacin jiha ne, da dokar fanshon jiharsa za a duba.

Gobe ka ɗauki takardar shaidar rasuwa, da takardar kama aikinsa, da takardar albashinsa ta ƙarshe, ka tafi sashen kula da ma'aikata na ofishinsu, daga nan ka wuce kamfanin fansho. Za su nemi takardar kotu da ke nuna wanda aka ɗora wa kula da dukiyar mamaci. Ka kuma sani, ganin sunanka a fom ɗin makusanci da mahaifinka ya cike bai mayar da kuɗin naka kai kaɗai ba. Mahaifiyarka da ƙannenka kowa da rabonsa.

Idan albashi na ci gaba da faɗowa a asusunsa, kada ku taɓa, don za a iya cire shi daga haƙƙinku. Duk wanda ya ce kawo dubu ɗari biyar in sa sunanka a gurbin babanka, rabu da shi.

Ban ce kada ka nema ba. Rubuta takardar roƙo zuwa ga Babban Sakataren ma'aikatar, ka haɗa da takardunka na makaranta, ka ba shugabannin ƙungiyar ma'aikatan kwafi, domin su ne sukan tuna da irin wannan idan an buɗe ɗaukar aiki. Ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a naka kwafin kafin ka bar ofishin.