Amsa ga mai tambayar inda zai fara kallon tsuntsaye a Gombe

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana zaune a cikin garin Gombe, kana son fara kallon tsuntsayen ruwa, ba ka da madubin hangen nesa, kana tambaya ko sai ka je Yankari. A'a, ba sai ka je ba tukuna. Yankari tana da tsuntsaye sama da iri 350, amma wanda bai saba ba zai dawo idonsa ya cika, bai riƙe ko ɗaya ba.

Ka hau motar Dadin Kowa bayan sallar asuba, hanyar Biu, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Dam ɗin da aka kammala a 1984 ya tare kogin Gongola, amma ni ba bakin babban ruwan nake zama ba. Ƙasan dam nake sauka, wajen gonakin shinkafa na rani da ƙananan kududdufai, don nan abincinsu yake. Zalɓe zai tsaya cak a ruwa kamar an dasa shi, sai ka ga ya cafke kifi. Akwai wani mai launin ƙasa-ƙasa da farin wuya, yatsunsa zara-zara, yana takawa a kan ganyen bado bai nutse ba. Akwai kuma mai baƙi da fari da ke tsayawa a iska wuri ɗaya yana kaɗa fiffike, baki a ƙasa, kafin ya faɗo ruwa. Kirinjijiya kuwa, wato wasu agwagin ruwa, fitonsu za ka fara ji kafin ka gan su.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ka zaɓi wuri ɗaya ka riƙa komawa. Daga Oktoba zuwa Maris baƙin tsuntsaye ke zuwa daga Turai, sun ƙetare Sahara, cikinsu har da wani ɗan ƙarami mai ruwan ɗorawa a ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya. Da sun tafi, damina ta matso, sai shamuwa ta iso ta yi sheƙa, ruwa na ɗaukewa ta nufi kudancin Afirka. Wanda ke yawon wurare ba ya lura da wannan canjin.

Ka yi sallama da masunta da manoma, ka faɗa musu abin da ya kawo ka. Sun san sunaye da lokutan tsuntsayen nan fiye da mu. Kuma ka tausaya musu kan jan baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi, garke ɗaya kan cinye wa mutum shinkafarsa. Kada ka ɗaga waya ko madubi kusa da ginin dam ba tare da izinin masu gadi ba. Tufafi masu duhu, ɗan littafi da biro sun ishe ka, madubi ya biyo baya. Ledar ruwanka kuma, don Allah, ka dawo da ita gida.