Sai na sayi sabuwar kyamara kafin in je bita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina rubuta labarin tafiye-tafiyena, amma editoci sukan karɓi rubutun su dawo mini da hotunan. Yanzu na samu gurbi a taron bita na kwana uku kan ɗaukar hoto, wanda aka shirya wa marubutan tafiye-tafiye. Waya kawai gare ni, sai tsohuwar kyamarar yayana. In sayi sabuwa kafin in je? Kuma me zan fi mai da hankali a kai? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki sayi komai tukuna. Shafin mujalla mai girman A4, idan za a buga shi tangaran, yana bukatar fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato bai kai megafiksel 9 (fiksel miliyan tara) ba. Yawancin wayoyin yau 12 suke da shi ko fiye. Ki tafi da wayar, ki haɗa da kyamarar yayanki, muddin tana barin mutum ya saita ta da hannu. Ina ma zargin ba na'urar ce ta ja miki ba. In ta WhatsApp kike tura hotunan kai-tsaye, matse su yake yi har ingancinsu ya zube. Ki riƙa tura su a matsayin fayil, ko ta imel.

Ni ma ranar da na fara zuwa irin wannan bita, da tinƙaho na shiga. Malamin ya bi hotunana ɗaya bayan ɗaya bai ce uffan ba, can ya tambaye ni: “Ƙarfe nawa ka ɗauki waɗannan?” Duk da tsakar rana ne. Idanun mutane sun faɗa cikin inuwa, sama ta yi fari fat. Washegari ya fito da mu tun kafin rana ta ɓullo, muka ɗauki gini ɗaya sau uku: da hudowar rana, da azahar, da kuma dab da faɗuwarta. Kai ka ce gine-gine uku ne daban. Hasken safiya da na yamma daga gefe yake zuwa, shi ya sa yake fito da kaushin bango da tamojin fuska. Na azahar kuwa daga bisa yake dukan komai.

A aji za a yi miki bayanin abubuwa uku da ke sarrafa haske. Akwai ƙofar haske, wadda ake aunawa da f, kuma lissafinta a juye yake: f/2.8 ƙofa ce a wangale, tana fito da fuskar mutum ta bar bayansa dishi-dishi, f/11 kuwa tsukakkiya ce, ta fi dacewa da dutse da kwari inda ake son komai ya fito. Akwai saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga: 1/500 na daƙiƙa yana tsayar da mai gudu cak, amma in kika sauka ƙasa da 1/60 kina riƙe da kyamara a hannu, rawar hannunki za ta bayyana a hoton. Sai ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, wanda ake bari a 100 cikin rana, a ɗaga shi zuwa 1600 ko fiye a cikin duhu, sai dai hoton kan yi yashi-yashi. Kada ki tsaya hadda. Ki murɗa ɗaya ki bar biyun, ki ɗauka, ki duba abin da ya canza.

Amma ki tuna ke marubuciya ce, kuma a nan kika fi sauran. Edita hotunan da za su ɗauki labari yake nema: ɗaya mai faɗi da ke nuna wurin, wani na mutum yana cikin aikinsa, wani na kurkusa ƙwarai, kamar hannun matuƙin jirgin ruwa a kan igiya. Ki ɗauki wasu a tsaye, domin bangon mujalla a tsaye yake, ki kuma bar fili a sama inda kanu zai zauna. Kafin ki ɗauki mutum ki gaishe shi, ki nemi izini, ki rubuta sunansa daidai a littafinki. Kyamara tana ajiye rana da lokaci a cikin fayil, amma ba ta san wa kika ɗauka ba. Na taɓa asarar hoto mai kyau don na kasa gaya wa edita ko wane ne a ciki.

Batun RAW da JPEG, wato nau'ikan fayil biyu da kyamara ke ajiye hoto a cikinsu, zai taso. RAW ya fi ba da damar gyara haske daga baya, sai dai yana cin memori, don haka ki tafi da kati biyu da batirin ko-ta-kwana, kuma kowane dare ki kwafe aikin ranar zuwa wani wuri na biyu.

Sannan ki zaɓi hotuna goma daga cikin waɗanda aka dawo miki da su, ki ajiye kunya, ki miƙa wa malamin tun ranar farko ki ce ya faɗa miki laifin kowanne.